Ko Ka Sani? Talabijin Ce Ke Faɗin Irin Teburin Da Za A Haɗa Mata

Duk wanda ya sayo sabuwar talabijin ya yi niyyar haɗa mata teburi da hannunsa, lambar da ke jikin kwali ce ke fara ruɗa shi. Ya ga an rubuta inci 55, sai ya ɗauka faɗinta ke nan. To, a karkace ake wannan awon, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama. Allon talabijin na yau kashi 16 ne a faɗi, kashi 9 a tsaye, saboda haka mai inci 55 faɗinta wajen santimita 122 ne, tsayinta wajen 68. Mai inci 43 kuwa santimita 95 ce a faɗi. Sannan a duba ƙafafunta: da yawa daga cikin na yanzu ƙafa biyu gare su, ɗaya can kusa da kowane gefe, kuma teburin da bai kai tazarar nan ba ya tashi aiki tun ba a shafa masa fenti ba.

Mun saba kiran kowace siririyar talabijin "filasma". Ainihin filasma kuwa, Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera ta tun shekarar 2014. Mafi yawan waɗanda ke ɗakunanmu allon LCD ne da ƙananan fitilun LED ke haskawa ta bayansa, shi ya sa ba su da nauyi.

Ga abin da ya fi burge ni a aikin katako. Ka ɗora falanki a kan ƙafa biyu, ka aza masa kaya a tsakiya, zai ɗan lanƙwashe. Ka ninka tazarar ƙafafun sau biyu, kayan suna nan yadda suke, lanƙwasar sai ta ninku sau takwas. Haka kuma idan kaurin falankin ka ninka, ƙarfin tsayuwarsa zai ƙaru sau takwas. Dalilin ke nan da ya sa kafintan da ya san aikinsa ba ya barin dogon teburi haka nan. Yakan sa masa bango a tsakiya, ko ya buga siririn katako a tsaye ƙarƙashin bakin saman. Musamman idan MDF ne, wanda garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse. Yana da santsi, yana karɓar fenti, amma a hankali yake sunkuyawa, kuma ruwan goge ɗaki in ya riƙa taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodin da aka jiƙa. A ɗaga shi daga ƙasa da 'yan ƙafafu. Idan kuma katako na gaske za a sa, irin su maɗaci, lallai ya bushe sarai, domin ɗanye da aka haɗa da damina, hunturu na kamawa zai tsuke ya buɗe baki.

Sai maganar zafi. Dikoda da sitabilaiza suna fitar da zafi muddin suna kunne, kuma iskar da ta ɗumama sama take yi. In aka rufe su ruf a cikin akwati, tana nan tana zagaye su. A huda bayan teburin sama da ƙasa, ramukan su zama hanyar iska kuma hanyar waya.

Ƙofar teburin ma akwai magana. Yawancin rimot da haske yake aika saƙo, irin wanda ido ba ya gani. Gwada da kanka: kunna kyamarar wayarka, ka saita bakin rimot gare ta, ka danna maɓalli. A wayoyi da yawa za ka ga wani ɗan haske mai ruwan shunayya yana ƙyaftawa. Wannan hasken yana ratsa gilashi, ba ya ratsa katako. Don haka wurin dikoda ko dai a bar shi a buɗe, ko a yi masa ƙofar gilashi.

Tsayin teburin kuma daga kujerarka ake auna shi, ta yadda tsakiyar allo zai yi daidai da idon mai zaune. Gidan da aka fi kallo a kan darduma, gajere ya fi dacewa.

Abin da nake roƙon kowane magidanci kada ya tsallake shi ne wannan. Siririyar talabijin doguwa ce a kan ƙananan ƙafafu, yaro mai koyon tsayuwa kuwa duk abin da hannunsa ya kai shi yake kamawa. Juya bayanta, za ka ga ramuka huɗu masu zaren noti, waɗanda aka jera bisa ƙa'idar VESA, misali milimita 200 sau 200 ko 400 sau 400. Don rataye ta a bango aka yi su, amma ko a kan teburi za ta zauna, a ɗaura ɗamara mai ƙarfi a ramuka biyu na sama, a ja ta a kafe a bango, shi ma teburin a kafe shi, tun ranar da aka kunna ta.