Sana'ata ta mutu bayan rufe iyaka: sauya wata rashin tawakkali ne?

Tambaya: Shekara ashirin ina lodin kaya tsakanin Kwangwalam da Ɗan Barto. Tun da aka rufe iyaka abin bai koma daidai ba. Ina son in koma noman rani, amma wasu na cewa in yi haƙuri in zauna, wai barin sana'ar gado rashin tawakkali ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai wannan jarrabawa ta shafa ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, aka sake rufe ta Nijar a 2023 bayan juyin mulkin can. Direbobi da 'yan dako da dillalan shanu na Mai'aduwa duk sun ji a jikinsu. Amma ka sani, sauya sana'a idan ta farko ta toshe halal ne, kuma yana iya zama wajibi idan ciyar da iyalinka ya rataya a kansa.

Tawakkali shi ne zuciya ta dogara ga Allah alhali gaɓɓai suna riƙon sababi. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umurci mai raƙumi ya fara ɗaure shi, sannan ya dogara ga Allah. Sana'a sababi ce kawai, Mai azurtawa shi ne Allah. Wanda ya ɗauka abincinsa ba zai zo ba sai ta bakin iyaka, shi ne ya kamata ya binciki tawakkalinsa.

Dubi Abdurrahman bin Auf (RA). Ya bar dukiyarsa a Makka ya iso Madina hannu rabbana. Sa'ad bin Rabi'a ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, a garin da ba nasa ba, kuma bai daɗe ba ya yi aure daga guminsa. Bukhari ya kawo wannan ƙissa. Haka Umar (RA), da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Abin da aka hana ka shi ne yanke ƙauna. A Suratu Yusuf, aya ta 87, Annabi Yaƙubu (AS) ya gargaɗi 'ya'yansa da kada su fid da rai daga rahamar Allah, kuma a ayar ce ya tura su su tashi su nema. Suratul Baƙara, aya ta 216, ta sanar da mu cewa mutum kan ƙi abu alhali alherinsa na ciki.

Ga abin da za ka yi:

Na ɗaya, ka yi istihara: raka'a biyu ta nafila da addu'ar da Jabir (RA) ya ruwaito. Ba sharaɗi ba ne ka yi mafarki. Ka shiga lamarin, idan alheri ne Allah zai sauƙaƙa.

Na biyu, ka shawarci manoman rani a kan ruwa da iri da kuɗin mai kafin ka sayar da motarka. Ka fara da kaɗan.

Na uku, ka nisanci bashin ruwa da safarar ƙwaya da zuwa wurin boka, komai tsananin matsi.

Na huɗu, ka gaya wa iyalinka gaskiyar halin da ake ciki. Idan aikin zai kai ka nesa, ka bar musu abin da za su ci.

Kada maganar mutane ta tsayar da kai, domin ba su za a tambaya game da haƙƙin iyalinka ba. Allah ya buɗa maka, ya sa canjin ya zama alheri.

Wallahu a'alam.