Cutar Zosta Bayan Allurar Rigakafi: Bayani Ga Jama'a

Akwai wata cuta wadda ta fi kama mutane idan shekaru sun ja, wadda likitoci suke kira zosta. Takan fara da zogi ko raɗaɗi a gefe guda na jiki, bayan 'yan kwanaki kuma sai ƙuraje masu ruwa su feso a jere a daidai wurin. A yau akwai allurar rigakafin wannan cuta, amma duk da haka akan sami wanda aka yi wa allurar, daga baya kuma cutar ta kama shi. Irin wannan mutum yakan shiga ruɗu. Wani ya ce allurar ba ta da amfani, wani kuma ya ƙi yarda cewa zosta ce, ya zauna a gida har lokacin da magani zai yi aiki ya wuce. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a dalilin da ya sa hakan yake faruwa, da kuma abin da ya kamata mara lafiya da iyalinsa su yi. An ɗauki Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, a matsayin misali, amma bayanin ya shafi kowane yanki na ƙasar nan.

Asalin Cutar

Ƙwayar cutar da take haddasa zosta ita ce dai wadda take haddasa ƙarambau. Idan mutum ya yi ƙarambau ya warke, ƙwayar cutar ba ta barin jikinsa. Takan koma ta ɓuya a tushen jijiyoyin da suke fitowa daga laka da kuma na cikin kai, ta yi shiru shekara da shekaru, domin garkuwar jiki ta danne ta. Ranar da garkuwar ta yi rauni, saboda tsufa ko wata rashin lafiya, sai ƙwayar ta farka, ta bi jijiya guda har ta iso fata. Wannan ne ya sa ƙurajen suke fitowa a gefe guda kawai, dama ko hagu, ba su tsallake tsakiyar ƙirji ko tsakiyar baya, kuma shi ya sa zafinsu ya fi na sauran ƙuraje, domin jijiyar ce kanta ta kumbura.

An daɗe kafin a gano wannan dangantaka. Tun a shekarar 1888 wani likita a birnin Budafes, mai suna Bokay, ya lura cewa yara sukan yi ƙarambau bayan sun zauna da babban da yake fama da zosta. A cikin shekarun 1950 Tomas Wela na Amurka ya raini ƙwayar cutar a ɗakin bincike, a 1965 kuma wani likitan Ingila, Hope-Simpson, ya bayyana yadda take ɓuya sa'an nan ta farka. Ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 3 a ƙasar yakan yi zosta a tsawon rayuwarsa.

Wace Allura Aka Yi?

Kafin mutum ya ce an yi masa rigakafin zosta, ya kamata ya tabbata wace allura ce aka yi masa. Dattawa da yawa a Jalingo da kewaye suna ɗauke da tabon lamba a damtse, watau rigakafin agana. Wannan lamba ta yi aikinta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar kawar da agana daga doron ƙasa a 1980, amma ba ta da wata alaƙa da zosta. Haka nan allurar ƙyanda, da ta shawara, da ta sanƙarau, da ɗigon shan-inna, kowace da cutar da take karewa. Rigakafin zosta da na ƙarambau ba sa cikin jerin alluran da gwamnati take yi wa yara kyauta a ƙasar nan. Saboda haka wanda bai nemi allurar musamman ya biya kuɗinta ba, a gida ko a ƙasar waje, to, ba a yi masa ita ba.

Alluran da suka shafi wannan ƙwayar cuta guda uku ne. Ta farko ita ce ta ƙarambau, wadda Takahashi na ƙasar Japan ya ƙirƙiro a 1974. Yaron da aka yi wa ita yana iya yin zosta daga baya, sai dai bai kai wanda ya yi ƙarambau sosai yawan yi ba. Ta biyu ita ce Zostavax, wadda aka amince da ita a Amurka a 2006. Ta rage aukuwar cutar da kimanin kashi 50 cikin ɗari, ƙarfinta kuma yana raguwa bayan 'yan shekaru, har aka daina amfani da ita a can a 2020. Ta uku ita ce Shingrix, wadda aka amince da ita a 2017. Sau biyu ake yin ta, da tazarar wata 2 zuwa 6, ga waɗanda suka kai shekara 50 da kuma manyan da garkuwar jikinsu ta yi rauni. A gwajin da aka yi mata ta kare fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma kariyarta tana kai shekara goma, ko da yake tana ɗan raguwa.

Dalilin Kamuwa Bayan Rigakafi

Babu allurar da take fitar da ƙwayar cutar daga maɓoyarta. Aikin allura shi ne ta ƙara wa garkuwar jiki ƙarfin danne ta. Don haka cutar tana iya ɓullowa idan mutum ya yi allura ta farko bai koma ta biyu ba, ko tsohuwar allurar aka yi masa shekaru suka shuɗe, ko kuwa wani abu ya raunana garkuwarsa, kamar ciwon sukari, da ciwon daji da magungunansa, da cutar ƙanjamau, da daɗewa ana shan magungunan da suke danne garkuwar jiki.

Wajibi ne a fahimci cewa Shingrix ba ta ɗauke da rayayyiyar ƙwayar cuta, saboda haka ba ta iya sa wa mutum zosta. Abin da takan jawo shi ne ciwon damtse, da kasala, da ɗan zazzaɓi na kwana 2 ko 3. Kuma wanda cutar ta kama bayan rigakafi bai yi asarar kuɗinsa ba, domin galibi takan zo masa da sauƙi fiye da yadda da za ta zo.

Alamomi

Kafin ƙuraje su fito, mutum yakan ji zogi, ko ƙaiƙayi, ko suka kamar ta allura, a wuri guda, har taɓawar riga ma ta dame shi. Wani yakan yi ciwon kai da zazzaɓi. Bayan kwana kaɗan sai ƙuraje masu ruwa su fito a dunƙule, su jeru kamar ɗamara, galibi a haƙarƙari ko kwiɓi, wani lokaci a wuya ko a fuska. Sukan bushe su yi ɓawo cikin kwana 7 zuwa 10, su warke cikin mako 2 zuwa 4.

Akan rikita zosta da ƙunar da wasu ƙwari suke yi wa fata lokacin damina, da kuma ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017. Ma'aikacin lafiya ne zai bambance su. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Maganar da wasu suke yi cewa idan ƙurajen suka kewaye jiki suka haɗu mutum zai mutu, ba ta da tushe.

Awa 72 Na Farko

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a cikin bayanin nan. Akwai maganin da yake hana ƙwayar cutar yaɗuwa, irin su asiklobir da balasiklobir, amma ya fi aiki idan an fara shan sa cikin awa 72, watau kwana uku, daga fitowar ƙuraje. A misali, a ce wani dattijo a Sabon Gari ko Magami ya ga ƙuraje ranar Litinin, ya ce ai an yi masa allura, ba zai yiwu zosta ce ba, ya zauna yana shafe-shafe har Juma'a. Wannan dattijo ya bar lokacin da ya fi dacewa ya wuce shi. Duk da haka, wanda ya makara kada ya fasa zuwa, musamman idan sababbin ƙuraje suna ci gaba da fitowa.

Mazauna Jalingo suna da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Jiha, da ƙananan asibitocin unguwanni. Mutanen Zing, da Bali, da Wukari, da Takum, da Gembu, kada su ɓata kwanaki suna shirin tafiya babban birni. Su fara zuwa asibitin da ya fi kusa da su, idan da bukata a can za a tura su gaba. Mara lafiya ya tafi da katin allurarsa da duk magungunan da yake sha, ya kuma faɗa wa likita idan yana da ciwon ƙoda, domin a daidaita masa magani.

Asiklobir sau biyar ake shan sa a rana, har kwana bakwai. Tilas ne a shanye shi duka ko da an ga sauƙi, a kuma yawaita shan ruwa, musamman a zafin watan Maris da Afrilu. A sayi magani a kantin da yake da rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Alamomin Haɗari

A garzaya asibiti nan take, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙuraje a goshi, ko a fatar ido, ko a kan hanci, ko ido ya yi ja yana ciwo. Wannan yana iya kai ga makanta.
2. Ƙuraje a cikin kunne, tare da karkacewar baki, ko jiri, ko raguwar ji.
3. Ƙurajen sun bazu ko'ina a jiki.
4. Zazzaɓi mai tsanani, ko sanƙarewar wuya, ko gushewar hankali.
5. Mara lafiyar mace ce mai ciki, ko wanda garkuwar jikinsa take da rauni.

Jinya A Gida

A riƙa wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙarfi, a tsane shi a hankali. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi yana rage raɗaɗi, haka ma farin maganin shafawar nan da ake kira kalamin. A sa tufafin auduga masu yalwa. Parasitamol yana taimakawa, idan kuma bai isa ba likita zai ba da wanda ya fi shi. Kada a fasa ƙurajen, kada a yi tsaga ko sakiya, kada a shafa toka, ko ƙasa, ko man goge baki, ko man canza launin fata. Duk waɗannan suna sa wurin ya ruɓe ya bar tabo.

Kare Iyali

Ba a ɗaukar zosta daga wani. Amma ruwan ƙurajen yana iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau. A ƙasashe masu zafi irin tamu akan sami manya da dama da ba su yi ta a yarinta ba, kuma ta fi tsanani ga babba. Saboda haka a rufe ƙurajen da ƙyalle mai tsabta, a riƙa wanke hannu, a ware wa mara lafiya tawul da zanen gado. Kaka ko kakan da yake jinya ya daure ya bar ɗaukar jariri, ya kuma nisanci mata masu ciki, har ƙurajen su bushe su yi ɓawo. Daga nan babu sauran haɗari.

Ciwon Da Yake Saura

Kimanin mutum 10 zuwa 18 cikin ɗari sukan ci gaba da jin zogi a wurin bayan fata ta warke, wata uku ko fiye, kuma ya fi yawa ga tsofaffi. Jijiyar ce ta ji rauni. Irin wannan ciwo yana hana barci da cin abinci, ya sa dattijo ya janye daga jama'a. Iyali kada su ɗauka raki ne don ba su ga ƙurji ba. Akwai magungunan ciwon jijiya, irin su amitiriftilin da gabafentin, waɗanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta, domin suna sa jiri da barci. Sayen taramol a bakin hanya ba mafita ba ce, wata cutar ce a kan wata. Ga mafi yawan mutane ciwon yana raguwa sannu a hankali.

Binciken Dalili

Idan zosta ta kama matashi, ko ta maimaita, ko ta fito a wurare da yawa, likita zai nemi a auna sukari, a kuma yi gwajin ƙanjamau. Wannan ba zargi ba ne, ba kuwa abin kunya ba. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, kuma Taraba tana cikin jihohin da adadinsu ya haura wannan. Wanda aka gano da wuri yakan fara shan magani, garkuwarsa ta farfaɗo, ya ci gaba da harkokinsa. Amma jama'a su sani cewa mafi yawan tsofaffin da suke yin zosta, tsufa ne kawai dalili.

Bayan An Warke

Zosta tana iya dawowa. Saboda haka wanda bai cika allurarsa ta biyu ba, ko wanda tsohuwar allurar aka yi masa, ya nemi shawarar likita game da yin sabuwar bayan ƙurajen sun warke sarai. Ana roƙon masu unguwanni, da limamai, da shugabannin coci, da malaman makaranta, su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba, musamman dattawa: duk wanda ya ga ƙuraje masu zafi a gefe guda na jikinsa, ko an yi masa allura ko ba a yi ba, ya isa asibiti kafin kwana uku su cika.