Nauyin Gudu da Kuzarin Gudu: Lissafin Birki da Karo a Hanyar Batsari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Batsari ranar kasuwa, ko ya fito daga Safana ya nufi Dutsin-Ma da kaka, ya san yadda motocin kaya da amalanken shanu da babura suke cuɗanya a kan titi guda. Idan tsautsayi ya auku, direba kan ce mota ce ta ƙi tsayawa, sai ka ce tana da ra'ayin kanta. Injiniya kuwa yana da ma'auni biyu na auna wannan taurin kai. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana su da Hausa, a kuma nuna inda kowanne yake da amfani.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar "ƙarfi" ta ɗauki kaya da yawa a Hausa, saboda haka a nan mun taƙaita ta ga turawa ko ja kurum. Ma'auni na farko mun kira shi nauyin gudu, watau nauyin abu sau saurinsa. Na biyu shi ne kuzarin gudu, watau rabin nauyin abu sau saurinsa, sau saurinsa kuma. Ƙarfi sau lokacin da ya yi yana aiki shi ke canza nauyin gudu. Ƙarfi sau nisan da ya yi yana aiki shi ke canza kuzarin gudu.

Masana sun daɗe suna gardama a kan wanne ne ma'auni na gaskiya. A 1686 Leibniz, mutumin Jamus, ya ƙalubalanci mabiya Descartes masu riƙo da na farko. A 1722 Gravesande na ƙasar Holan ya riƙa sakin dunƙulen tagulla a kan laka mai taushi, ya ga in an ninka sauri biyu, ramin da dunƙulen ya yi yakan ninka huɗu. Daga bisani d'Alembert na Faransa, a littafinsa na 1743, yana cikin waɗanda suka nuna duka biyun daidai ne, tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta.

3.0 Birki

Mu ɗauka mota ta ɗauko buhunan gero da dawa daga Batsari, nauyinta da kayanta tan 10, birkinta kuma yana ba da ƙarfin da ya kai rabin nauyin nan. In tana gudun kilomita 36 a awa, watau mita 10 a daƙiƙa, lissafin nauyin gudu ya nuna za ta tsaya cikin daƙiƙa 2, na kuzarin gudu kuma ya nuna za ta ci mita 10. In ta kai kilomita 72 a awa, lokacin zai zama daƙiƙa 4, amma nisan sai ya zama mita 40. Lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu.

Bugu da ƙari, mu ce direba na bukatar daƙiƙa ɗaya kafin ya taka birki. Alal misali yaro ya gifta mita 25 a gaban motar. A gudu na farko za ta tsaya bayan mita 20, saura mita 5 tsakaninta da shi. A gudu na biyu kuwa, mita 20 sun tafi tun kafin a taɓa birki, za ta riski yaron tana gudun kusan kilomita 67 a awa. Har ila yau, in an ninka lodi alhali ƙarfin birki bai ƙaru ba, nisan tsayawa ma sai ya ninka.

4.0 Karo

A wajen karo ba a san girman ƙarfin ba, domin cikin ƙiftawar ido yake aiki. Abin da aka sani shi ne jimlar nauyin gudun abubuwan biyu ba ta canzawa. Mota mai tan 9, mai gudun mita 10 a daƙiƙa, in ta afka wa amalanke mai tan 1 da ke tsaye suka manne, za su tafi tare da saurin mita 9. Motar ta rage mita 1 kacal, amalanken kuwa an fizge shi daga tsaye zuwa mita 9. Shi ya sa a karon babba da ƙarami, ƙarami ke shan wuya. Kashi ɗaya cikin goma na kuzarin gudun ya tafi wajen farfasa katako da lanƙwasa ƙarfe, kwatankwacin tan ɗaya ya faɗo daga tsayin mita huɗu da rabi.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, in tambaya ta shafi nisa, kuzarin gudu ake lissafawa. In ta shafi lokaci ko karo, sai a koma ga nauyin gudu. Da irin wannan lissafi ne injiniya ke yanke iyakar gudun da ya dace a bakin kasuwa ko ƙofar makaranta. Direban da ya rage gudunsa da rabi yana shiga Batsari ko Safana, ya rage nisan birkinsa da kashi uku cikin huɗu.