Shinkafar da ake cirewa a matsayin ciyawa na iya ceton gonakin Jigawa

A fadamun Jahun da Miga da Kiyawa, har zuwa gonakin rani na Warwade da ke ƙaramar hukumar Dutse, manomi na iya wayar gari ya ga ganyen shinkafarsa ya yi ɗorawa-ɗorawa, tsiron ya tsumbure, zangarniya ta fito da ƙyar ba ƙwaya. Abin da yakan fara yi shi ne ƙara taki ko sayen maganin feshi.

Idan cutar da masana ke kira RYMV ce, an yi asarar kuɗin. Bairos ne ke haddasa ta, kuma babu feshin da ke kashe shi a cikin tsiro. An fara gano ta a Kenya a 1966, yanzu ta bazu a yawancin ƙasashen Afirka masu noman shinkafa, har da Najeriya. Ƙananan ƙwari masu cin ganye ne ke yaɗa ta, haka ma hannun masu dashe da lauje da shanun da ke kiwo a gona.

Kariyar da ta fi aiki tana cikin irin da aka shuka.

Bairos ɗin ba ya iya hayayyafa sai ya kama wani sinadari da shinkafar kanta ke samarwa. Wasu ire-iren suna da ɗan sauyi a ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin, wadda ake kira RYMV1, sai bairos ya rasa inda zai kama. An samu wannan sauyi a wani iri mai suna Gigante, da kuma wasu ire-iren shinkafar Afirka ta asali, Oryza glaberrima, wato jar shinkafar da aka fara nomawa a fadamun kogin Neja a Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Ita ce manoma da dama suka watsar saboda ba ta da yabanya kuma tana zuba kafin girbi.

Labarin shinkafar daji ya fi ban mamaki. Oryza longistaminata tana tsirowa da kanta a dausayin Sahel, kuma manoma na ɗaukar ta ciyawa mai taurin kai. Daga samfurinta da aka ɗauko a Mali aka samo Xa21, ƙwayar gadon da ke bai wa shinkafa ikon gane ƙwayar cutar da ke ƙona ganye. Pamela Ronald ta Jami'ar California da ke Davis a Amurka ce ta jagoranci ware ta a 1995, kuma an saka ta cikin ire-iren da ake nomawa a Asiya.

Kai irin wannan gado gona yana cin shekaru ana barbarar iri ana tacewa, aikin da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ke yi tare da AfricaRice. Ta wannan hanya, ba ta sauya halitta a ɗakin gwaji ba, aka fitar da FARO 66 da FARO 67 a 2017, masu iya jure nutsewa a ruwa kusan mako biyu. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim ba ya buƙatar a faɗa masa amfanin hakan.

Sai dai cuta ma tana sauyawa. Bincike ya nuna wasu nau'o'in RYMV suna iya karya kariyar Gigante. Haɗarin ya fi yawa idan yanki guda ya dogara da iri ɗaya damina da rani, kamar yadda FARO 44, da aka fi sani da Sipi, ta mamaye gonaki da yawa a Arewa. Shi ya sa masu bincike ke ƙoƙarin haɗa ƙwayoyin kariya biyu ko uku a iri ɗaya.

Akwai wani abin lura ga mai ajiye iri daga girbinsa. Kariyar RYMV1 ba ta bayyana sai tsiro ya gaje ta daga ɓangarori biyu, kuma buhun da ya gauraya da wani iri a masussuka zai tsiro da masu kariya da marasa ita. Kafin sayen iri a kasuwar Shuwarin, ya kamata manomi ya nemi tambarin hukumar tantance iri ta ƙasa a jikin buhun, ya kuma tambayi malamin gona na JARDA wace cuta irin ke jurewa.