Azabar da ba ta barin tabo a jiki

A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum kusan 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna. Hotunan da aka yaɗa sun nuna sarƙa a ƙafa da shatin bulala a baya. Amma akwai azabar da ba ta fitowa a hoto: rufe wa mutum ido, kulle shi shi kaɗai, hana shi barci, tsiraita shi a gaban mutane, ko yi masa barazanar kashe shi ko iyalinsa. Dokar hana azabtarwa ta Najeriya ta 2017 ta lissafa waɗannan duka a matsayin azabtarwa. Waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa ma sukan ɗanɗana irin wannan.

Mai wannan matsala ba kasafai yake faɗin abin da ya same shi ba. Yakan zo asibiti a Ikara, Makarfi ko Hunkuyi da ciwon kai, faɗuwar gaba, ciwon jiki da rashin barci, a ba shi maganin maleriya ko taifot, ya koma gida jiya i yau. A gida kuwa ana ganin yana firgita idan ya ji ƙarar babur, yana mugayen mafarkai, yana saurin fushi, ya daina zuwa gona ko majalisa. Wasu su ce aljanu ne, wasu su ce ragwanci. Mafi muni shi ne a sake ɗaure shi da sunan magani.

Idan alamun sun wuce wata guda, ko sun hana shi harkokinsa, a kai shi wurin likita, kuma a gaya wa likitan cewa an taɓa tsare shi. Likita zai gan shi a keɓe, ya nemi izininsa kafin ya taɓa jikinsa, ya bar shi ya yi magana gwargwadon yadda zai iya. Ku ma a gida kada ku sa shi maimaita labarin ga duk mai zuwa jaje. Kada a saya masa maganin barci irin su diazepam a kemis, domin ba ya warkar da matsalar kuma jiki na sabawa da shi.

Ana samun sauƙi ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararru, wani lokaci tare da magani. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Idan ya fara maganar gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.