Gigin tsufa da matsalar gwajin hankalin tsohon da bai yi boko ba

Abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa ya bambanta da mantuwar yau da kullum. Tsoho kan manta inda ya ajiye carbinsa, jim kaɗan ya tuna. Mai gigi kuwa yakan ɓace a unguwar da ya girma, ya nemi abincin da ya riga ya ci, sunan ɗiyansa ya kuɓuce masa. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, tsufa kaɗai ba ya kawo ta. Mafi yawanta irin wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana ce a shekara ta 1906. Wani kason kuma daga lalacewar jijiyoyin jini yake, shi ya sa hawan jini ke cikin abubuwan da ke share mata hanya.

Wuyar aikin tana wajen ganewa. Gwajin da ya fi yaɗuwa, wanda Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975, maki 30 gare shi. Ana tambayar mutum kwanan wata da shekara, a sa shi karanta umurni, ya rubuta jimla, ya riƙa ɗebe 7 daga 100. A kai wannan takarda wani ƙauye na Tasawa ko Madawa, sai lafiyayyen dattijo ya faɗi. Shi da watan sama yake lissafi, da damina da kaka, da ranar kasuwa. Kuɗi kuma da dala yake ƙidaya su, watau ɗarinsa tamma 500 ce a takarda. Malamin da ya shekara 50 yana rubutun ajami, in an miƙa masa boko, sai a rubuta cewa bai iya karatu ba. A nan makaranta aka auna, ba a taɓa hankali ba.

An taɓa magance irin wannan a binciken da aka soma a 1992, mai kwatanta tsofaffin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanapolis. An yi amfani da tambayoyin da ba su bukatar karatu, aka haɗa da hira da wani na gida wanda ya san halin tsohon. Sakamakon 1995 ya nuna gigi ga kashi 2,29 cikin ɗari a Ibadan, 8,24 a Indiyanapolis.

Ga Hausa, fassara kalma da kalma ba za ta wadatar ba. Sai an fara tsai da suna. Hauka da taɓin hankali kalmomi ne masu sa iyali su ɓoye tsohonsu a ɗaki. Gigin tsufa ya fi sauƙi a kunne, amma yana sa a ɗauka al'ada ce ta shekaru, a ƙi zuwa likita. Akwai kuma kunya: ɗa ba ya son faɗin kasawar mahaifinsa gaban baƙo, suruka balle. Tambayar da ta ce "ya rikice?" amsarta a'a ce kusan kullum. Wadda ta ce "wa ke riƙe masa kuɗin cefane bana, wa ya riƙe bara?" ita ke samun amsa.