Dalilin da Ke Sa Sabon Amfanin Gona Ya Karɓu Nan Ya Ƙi Can

Riɗi da zoɓo da waken soya da citta sun zama amfanin da manoman Arewa ke nomawa don kuɗi, bayan da gyaɗa da auduga suka ja baya. Duk lokacin da farashinsu ya tashi a kasuwar Dawanau, sai a ji ana cewa da hukuma za ta raba iri kyauta, da kowace jiha ta rungumi nomansu. Wannan kuskure ne, domin samun iri shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Ƙasa da ruwa ne ke fara yanke hukunci. Riɗi na son jigawa, ba ya jure ruwa ya kwanta masa, kuma ba ya cin taki sosai, shi ya sa ya zauna daram a Jigawa. Waken soya kuwa na buƙatar damina mai tsawo, don haka ya fi yawa a Binuwai da Kaduna. Citta ta kafu a kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Kwoi.

Alkama ce babbar shaida. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita don a noma ta gida, amma alkama sai da sanyin hunturu da ban ruwa. Wanda bai shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba ba, zafi zai riske ta tana fitar da kai, ƙwayar ta motse. Nomanta bai wuce wurare irin Kadawa da kwarin Haɗeja da yankin tafkin Chadi da yawa ba, kuma bayan 'yan shekaru aka janye dokar.

Sai mai saye, wanda jami'ai suka fi mantawa da shi. Manomin gero in bai sayar ba ya zuba a rumbu ya ci da iyalinsa, amma ba a tuƙa tuwo da zoɓo. Saboda haka zoɓo na yaɗuwa ne inda dillali ke shiga ƙauye da ma'auni da kuɗi a hannu, kamar kewayen Maigatari, daga nan a kai Kano a tsince, a tura Meziko inda ake jiƙa shi a sha. Da Meziko ta taɓa dakatar da sayensa saboda ƙwaro da aka gani a kaya, buhuna sun yi kwantai. Waken soya ma masu matsar mai da masu haɗa abincin kaji ne suka ja shi.

Aikin hannu ma na da nasa. Riɗi in ya nuna aka yi jinkiri, kwanson ya tsage ya zubar da ƙwaya a ƙasa. Dole a yanke shi da wuri, a ɗaure dami-dami, a jingine a tsaye ya bushe, sannan a kifa a kakkaɓe a kan tampol. Wannan yakan zo daidai da girbin hatsi, gidan da ba shi da hannaye sai ya haƙura.

Manomi kuma yana lura da gonar maƙwabcinsa kafin ya saki hatsi, kuma yana da hujja. Cutar da ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna a 2023 ta cinye jarin waɗanda suka dogara da ita kaɗai. Duk shirin gwamnati da ya fara da rabon iri kafin a samo mai saye, asarar manomi zai jawo.